Rubutu Ya Yanke a Tsakiya: Ina Sauran Ya Shiga?

(Kiɗan buɗe shiri)

 Maganarmu ta yau ta fi shafar masu rubuta manhaja, da ma'aikatan da ke wuni gaban kwamfuta suna shigar da bayanai a asibiti, ko kotu, ko ofishin makaranta, ko ɗakin labarai. Amma ko ba ka cikinsu, malam, kada ka murɗa akwatinka, domin bayanan da ake ajiyewar naka ne: abin da likita ya rubuta game da lafiyarka, ko abin da ka faɗa gaban alƙali.

A ce likita ya duba majiyyaci, ya zauna ya rubuta bayani mai tsawo, kusan shafi biyu. Aka danna maɓallin ajiya, kwamfuta ta ce ta karɓa. Bayan wasu makonni majiyyacin ya dawo, ma'aikaciyar jinya ta buɗe fayil ɗinsa, sai ta tarar da layi uku da rabi. Jimlar ƙarshe tana cewa, “a ci gaba da ba shi wannan magani safe da yamma, amma kada a haɗa shi da”, shi ke nan, ta tsaya cak. Da me? Oho. Kwamfutar kuwa ba ta yi ƙara ba, ba ta nuna jan rubutu ba, ta kawo guntun bayani ta ajiye kamar iyakarsa ke nan.

Abin da akan fara faɗa a ofis shi ne rumbun bayanai ya cinye rubutun. Galibi ba haka ba ne. Rubutun yana nan cikin rumbu bai rasa ko wasali ɗaya ba, wajen ɗauko shi ne aka gutsure shi. Rijiya cike take da ruwa, guga ne ƙarami. Aikin mai gyara shi ne ya gano gugan wa aka zura, domin tsakanin rumbu da allon da kake kallo akwai hannuwa da yawa: akwai umarnin da aka aika na neman bayanin, akwai manhajar haɗi wadda 'yan sana'a ke kira direba, akwai harshen da aka rubuta manhajar da shi, sannan ga akwatin da ke nuna rubutun a allo. Kowane ɗayansu yana da iyakarsa, kuma da yawansu ba sa sanarwa idan sun yanke.

To me ya sa dogon rubutu ne kaɗai ke gamuwa da wannan? Suna da lambar waya da ranar haihuwa ai ba sa yankewa. Dalilin yana cikin yadda aka gina rumbunan. SQL Server na kamfanin Microsoft, alal misali, yana jera bayanai a shafuka, kowane shafi bayit 8,192, kuma layi ɗaya ba ya ɗaukar fiye da bayit 8,060 a cikin shafin. Rubutun da ya fi ƙarfin wannan sai a kai shi wani waje dabam a ajiye, a bar 'yar alama a cikin layin da ke nuna inda yake. A tsohon gurbin dogon rubutu da ake kira TEXT, alamar nan bayit 16 ce kacal. Oracle da PostgreSQL su ma kowa da irin tasa dabarar, amma tushen ɗaya ne. Shi kuma direba, kafin ya karɓo bayani sai ya tanadi wurin sauke shi a ƙwaƙwalwar kwamfuta. Idan an ce masa gurbin suna haruffa 50 ne, ya san abin da zai tanada. Idan kuwa aka ce masa wannan gurbi yana iya ɗaukar gigabayit 2, me zai yi? Galibi ba zai ware gigabayit 2 ga kowane layi ba. Sai ya zaɓi ɗaya daga hanyoyi biyu: ko ya yanka wa kansa iyaka ya ce daga nan ban ƙara ba, ko ya riƙa jawo rubutun kaɗan-kaɗan. Kusan duk ciwon kan da za mu ambata yau daga waɗannan biyun ya samo asali.

Matakin farko, tun kafin ka taɓa komai, ka tambayi rumbun da kansa tsawon abin da ke cikinsa. A SQL Server umarnin DATALENGTH zai faɗa maka yawan bayit. A MySQL akwai CHAR_LENGTH mai ƙirga haruffa, da LENGTH mai ƙirga bayit. A Oracle, ga gurbin dogon rubutu mai suna CLOB, akwai DBMS_LOB.GETLENGTH. Amsar da za ta dawo lamba ce ƙarama, babu direban da zai yanke ta. Idan rumbu ya ce 9,400, kai kuma abin da ya iso hannunka bai kai haka ba, to ka yi hamdala, bayaninka yana raye.

Mataki na biyu shi ne wanda na fi so ku riƙe. Ka ƙirga haruffan da suka iso, ƙirga na gaske, ba kintace ba. Sannan ka buɗe wasu layukan da su ma suka yanke ka ƙirga. Za ka tarar duk a wuri ɗaya suke tsayawa. Ruwa ba ya tsami banza: wannan lamba ita ce ke tona asirin mai laifi.

Idan a 80 ya tsaya, kuma da Oracle kake aiki ta manhajar SQL*Plus, to saitin da ake kira LONG ne, wanda ke zuwa a kan 80 tun daga masana'anta. Ka rubuta SET LONG ka bi shi da babbar lamba, magana ta ƙare. Masu harshen Perl su ma sun san 80 ɗin nan, a wajensu sunansa LongReadLen. Idan a 30 ya tsaya, kai ne ka yi wa kanka: ka ce wa SQL Server ya juya rubutun zuwa VARCHAR ba ka faɗi tsawo ba, shi kuma idan ba a faɗa masa ba 30 yake ɗauka. Idan 1,024 ne a MySQL, duba ko ka yi amfani da GROUP_CONCAT wajen harhaɗa layuka da yawa su zama rubutu ɗaya, domin iyakarsa ta asali ke nan, kuma ana ɗaga ta da saitin group_concat_max_len.

Lamba 4,096 kuwa tsohuwar abokiyar masu PHP ce. Sashen ODBC na PHP yana zuwa da wannan iyaka a saitin odbc.defaultlrl, ana kuma iya ɗaga ta a cikin manhaja da odbc_longreadlen. Shi kansa SQL Server yana da saiti mai suna TEXTSIZE wanda asalinsa 4,096 ne. Direbobin Microsoft sukan ɗaga shi da kansu da zarar sun haɗu da rumbu, shi ya sa wani bai taɓa ganin matsalar ba. Ranar da aka ɗauke manhajar aka kai ta kan Linux aka haɗa ta da direban FreeTDS, sai rubutu ya fara yankewa a 64,512, lambar da ke rubuce cikin fayil ɗin saitinsa. Mai manhaja ya rantse bai canza ko layi ɗaya ba, kuma gaskiya ya faɗa. Direba ne ya canza.

Amma sarkinsu duka shi ne 255. Bari mu ɗan daɗe a kansa, domin shi ya fi addabar ƙananan ofisoshi inda ake aiki da Microsoft Access da Excel. Asalin lambar ba wani sirri ba ne: bayit ɗaya yana iya ƙirgawa daga 0 zuwa 255, kuma tsofaffin manhajoji da bayit ɗaya suke rubuta tsawon rubutu. Idan aka ba da bayit biyu sai ƙirgan ya kai 65,535, wadda ita ma za ka yi ta karo da ita, ita ce ma iyakar gurbin TEXT a MySQL.

A Access, gurbin dogon rubutu shi ne wanda aka daɗe ana kira Memo, daga fitowar 2013 aka koma kiransa Long Text. Yana ɗaukar dubban haruffa lafiya lau. Amma da zarar ka ce wa Access ya kwatanta layuka da juna, sai ya ɗauki haruffa 255 na farko ya watsar da sauran. Yaushe yake kwatantawa? Idan ka sa DISTINCT don kawar da maimaici, ko ka tara layuka da GROUP BY a kan gurbin, ko ka haɗa sakamako biyu da UNION. Maganin kowanne yana kusa. A maimakon UNION ka rubuta UNION ALL, wanda ba ya neman maimaici balle ya kwatanta. A wajen tarawa, kada ka tara da gurbin dogon rubutu, ka zaɓi First a kansa. DISTINCT kuwa ka cire shi, ko ka yi shi a kan gajerun gurabe kaɗai sannan ka ɗauko dogon rubutun daga baya ta lambar layi. Har ila yau, idan an sa wani abu a saitin Format na gurbin, shi ma yana jawo yankewa, sai a share shi.

Na Excel ya fi ban dariya, in dai ba kai ya faɗa wa ba. Idan ana kwaso bayanai daga takardar Excel zuwa rumbu ta direban Microsoft, direban ba ya karanta takardar duka kafin ya yanke hukuncin irin gurbin da ke gabansa. Layuka 8 na farko yake leƙawa. In duk cikinsu babu mai haruffa fiye da 255, sai ya ɗauka gurbin gajere ne, kuma duk dogon rubutun da ke layi na 9 zuwa ƙasa ya sha wuƙa. Dabarar da ma'aikata suka daɗe suna yi ita ce su ɗauko layin da ya fi kowanne tsawo su sa shi a sama, ko su ƙirƙiri layin bogi mai dogon rubutu su share shi bayan an gama. Wanda ke da ikon taɓa saitin Windows kuma yana iya mayar da TypeGuessRows zuwa 0 don direban ya leƙa layuka masu yawa. In kuma akasin haka ake yi, wato daga rumbu zuwa Excel, a tuna cewa akwati ɗaya na Excel ba ya ɗaukar fiye da haruffa 32,767, ko me ka saita.

Wani lokaci ma babu abin da ya yanke, tagar da kake leƙawa ce ƙarama. Manhajar Management Studio da ake duba SQL Server da ita, idan ka ce ta nuna sakamako a matsayin rubutu zalla, haruffa 256 take nunawa a kowane gurbi sai in ka ƙara mata. Mutum na iya kwana yana neman ɓarawo a cikin manhajarsa alhali ba a ɗauki komai ba.

Mu ɗan sha iska, mu dawo.

(Gajeren kiɗa)

Madalla. Masu sauraro, har yanzu muna kan matsalar karanta dogon rubutu daga rumbun bayanai. Mun yi maganar direban da ke yanka wa kansa iyaka. Saura wanda ke jawo rubutu kaɗan-kaɗan, shi kuma halinsa dabam ne: ba ya komawa baya.

Ka aika umarni kana neman gurabe uku, lambar majiyyaci, da bayanin likita, da ranar zuwa, a jere haka. A cikin manhajarka sai ka fara karanta ranar zuwa, sannan ka juyo kan bayanin likita. Kafin direba ya kai ga ranar zuwa dole ya tsallake dogon bayanin, kuma abin da ya tsallake ya wuce ke nan. A SQL Server ta ODBC za ka ga kuskure mai lamba 07009. A Oracle ta Java, idan gurbin tsohon nau'in LONG ne, za ka ga ORA-17027, yana gaya maka an riga an rufe hanyar. A wasu tsofaffin manhajojin ASP ma babu kuskuren da zai fito, sai dai gurbin ya dawo fanko, ko ka karanta shi sau ɗaya ya zo, ka sake karantawa ka tarar babu komai.

Maganin wannan ba ya cin ko kwabo. Ka daina rubuta SELECT da tauraro, ka ambaci gurabenka ɗaya bayan ɗaya da sunayensu. Ka sa dogon gurbi ya zo ƙarshen jeri. Ka karanta su daga na farko zuwa na ƙarshe yadda ka jera su. Dogon kuma ka karanta shi sau ɗaya tak, ka zuba shi cikin wani ma'aji a manhajarka, duk abin da za ka yi da shi daga baya ka yi da wannan kwafin.

Akwai kuma direban da ba ya yanka, ba ya jawowa kaɗan-kaɗan, sai ya ce zai ɗauke duka a tashi ɗaya. Gurbin LONGTEXT na MySQL yana iya ɗaukar bayit 4,294,967,295. Masu PHP da suka yi aiki da mysqli a kan tsohon direba sun sha ganin manhaja ta faɗi tana kukan ta nemi gigabayit 4 na ƙwaƙwalwa ba ta samu ba, alhali rubutun da ke ciki bai fi layi biyar ba. Girman gurbin ta duba, ba girman abin da ke ciki ba. A nan ana kiran store_result kafin bind_result, ko a koma direban mysqlnd. Ni kuwa tambayata ga mai manhajar ita ce: wa ya aike ka zaɓar LONGTEXT? MEDIUMTEXT yana ɗaukar bayit 16,777,215. Wane rahoton likita ne, ko wane hukuncin kotu, zai cika wannan?

Yanzu ga wadda ta shafe mu kai tsaye, mu masu rubutu da Hausa. Kun ji tun ɗazu ina cewa wani wuri haruffa, wani wuri bayit. Ga mai rubuta Turanci zalla a tsarin UTF-8 duk ɗaya ne, kowane harafi bayit ɗaya. Mu ba haka ba ne. Haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, da kuma ƴ da 'yan'uwanmu na Nijar ke rubutawa, kowannensu bayit 2 yake ci. Ka rubuta “ƙarƙashi”, haruffa 8 ne amma bayit 10. Haruffan Larabci da muke rubuta ajami da su, su ma galibinsu bayit 2 ne kowanne.

Ga inda wannan ke cizo. A Oracle, dabarar da kowa ke koya wa ɗan'uwansa ta karanta CLOB ita ce a yanko shi gunduwa-gunduwa da DBMS_LOB.SUBSTR, haruffa 4,000 a kowane yanka, saboda a cikin umarnin SQL gurbin VARCHAR2 iyakarsa 4,000 ne in ba a faɗaɗa shi ba. To amma shi yankan da haruffa yake ƙirga, iyakar kuma da bayit take. Aka gwada da rubutun Turanci, ya wuce sumul. Ranar da aka zuba masa Hausa ta gaske, haruffa 4,000 suka zama bayit 4,100 da wani abu, sai ga kuskure ORA-06502, wurin saukewa ya yi kaɗan. Abin takaicin shi ne wani layi ya wuce, wani ya faɗi, gwargwadon yawan ƙ da ɗ da ke cikinsa, har mutum ya fara zargin aljanu. Ka rage yankan zuwa haruffa 1,000. A UTF-8 babu harafin da ya wuce bayit 4, saboda haka 1,000 ba za su taɓa haura 4,000 ba. Kuma a kula, DBMS_LOB.SUBSTR yawan haruffa yake fara karɓa sannan wurin farawa, akasin SUBSTR na yau da kullum. Mutane da yawa sun yi tuntuɓe a nan.

In kuwa kai ne ke yanka da bayit a cikin manhajarka, wata rana wuƙar za ta faɗa tsakiyar ƙ, rabinsa a wannan gunduwa, rabi a waccan. Idan ka juya kowace gunduwa zuwa rubutu ita kaɗai, sai ka ga wata baƙar alama mai ɗauke da alamar tambaya a inda harafin yake. Ƙa'idar ita ce ka harhaɗa bayit ɗin duka tukuna, sannan ka juya su zuwa rubutu sau ɗaya. A SQL Server kuma, rubutun Hausa gurbin NVARCHAR yake so, ko kuma VARCHAR mai tsarin UTF-8 wanda ya samu daga fitowar 2019. In ka zuba shi a VARCHAR na tsohon tsarin haruffan Turawan Yamma, haruffanmu ba su da mazauni a can, za su rikiɗe tun wajen shiga.

Wannan ya kawo mu ga lokutan da rubutun ya ɓace da gaske, domin na ce galibi yana nan, ban ce kullum ba. MySQL, idan ba a kunna masa tsauraran ƙa'idoji ba, yakan karɓi rubutun da ya fi gurbi, ya yanke abin da ya yi saura, ya ba da ɗan gargaɗin da ba wanda ke karantawa. Sai daga fitowa ta 5.7 tsauraran ƙa'idojin suka zama na asali. Haka kuma tsohon tsarinsa da ya sa wa suna utf8 bayit 3 kawai yake ɗauka ga harafi. 'Yan hotunan nan na dariya da kuka da ake sakawa a saƙon waya yawancinsu bayit 4 ne, haka ma haruffan Adlam da ake rubuta Fulatanci da su. Idan ya ci karo da ɗaya, daga nan zuwa ƙarshen rubutun ya tafi. Maganin shi ne utf8mb4, wanda ya zama na asali a fitowa ta 8.0. Duk wanda ya gaji tsohon rumbu ya je ya duba waɗannan biyun.

Amma ɓarnar da ta fi kowace muni, mu da kanmu muke yin ta. Manhaja ta ɗauko bayanin mutum, dogon rubutun ya iso a yanke, haruffa 255 daga cikin 9,000. Ma'aikaci bai lura ba, shi lambar waya kawai ya zo gyarawa. Ya gyara, ya danna ajiya. Manhajar kuma an rubuta ta ne ta mayar da dukan gurabe, wanda aka taɓa da wanda ba a taɓa ba. Guntun ya hau kan cikakken ya danne shi. Minti ɗaya da ya wuce matsalar karatu ce kawai, yanzu ta zama asara, kuma babu saitin da zai dawo da ita sai kwafin ajiya, in akwai. Saboda haka, ranar da aka ga rubutu ya fara yankewa, abin farko shi ne a dakatar da gyare-gyare a wannan shafi har a gano dalili. Kai kuma mai manhaja, ka rubuta ta yadda gurbin da aka canza kaɗai za ta mayar. Ka kuma sa ta riƙa ɗauko tsawon rubutun tare da rubutun, ta kwatanta, in ba su yi daidai ba ta ƙi ajiya ta faɗa wa ma'aikaci dalili.

Sau da yawa ma direban ya yi gargaɗi, mu ne ba mu saurara ba. ODBC yana dawo da lamba 01004 idan ya yanke rubutu, sai dai yana haɗa ta da cewa aiki ya yi nasara, masu manhaja kuma nasarar kawai suke dubawa. A Perl akwai saiti mai suna LongTruncOk, wanda idan ka kunna shi kuskuren ya daina fitowa, yankan kuma ya ci gaba. Za ka ji ana ba da shi a matsayin magani. Ni ban yarda ba. In dai ba da gangan kake son farkon rubutun kawai ba, ka bar kuskuren ya yi ta ihu har ka gyara abin da yake wa ihu.

Da gangan ɗin kuwa yana da wurinsa. Shafin da ke jera sunaye 500 ba ya bukatar cikakken bayanin kowa. Ka ɗauko haruffa 200 na farko, ka sa ɗigo uku a ƙarshe don mai karatu ya san akwai saura, kada kuma ka ba shi damar gyarawa a nan. Sai ya danna sunan mutum sannan ka je ka ɗauko cikakken, shi kaɗai. Inda intanet ke tafiyar hawainiya kuma ake sayen data da tsada, wannan kaɗai ya isa ya sa manhaja ta yi sauƙi.

Duk waɗannan dabarun zagaye ne, kuma ba na raina su, domin sau da yawa rumbun ba naka ba ne, ba a ba ka ikon taɓa shi ba, aiki kuma ba zai jira ba. Oracle da kansa har yanzu yana ajiye wasu bayanan cikin gidansa a gurbin LONG, kamar gurbin TEXT na ALL_VIEWS, don haka ko ka ƙi ko ka so wata rana sai ka karanta shi. Amma in rumbun naka ne, gaskiya zagaye ya isa haka. Oracle ya kawo CLOB tun fitowa ta 8 a 1997. LONG ɗaya tak ake yarda da shi a tebur, ba ya shiga WHERE, abu kaɗan ka ce ya yi sai ya jefo maka ORA-00997. Microsoft ya kawo VARCHAR(MAX) da NVARCHAR(MAX) a SQL Server 2005, ya kuma daɗe yana sanar da cewa zai cire TEXT da NTEXT. A kowanne daga cikinsu ana sauya nau'in gurbin da umarnin ALTER TABLE. A ɗauki kwafin ajiya, a gwada a kan kwafi, a zaɓi daren da ba a aiki, a sauya.

Gwajin kansa ga yadda ake yinsa. Ka ƙirƙiri rubutu mai haruffa 70,000, don ya haura 65,535. Bayan kowane haruffa 100 ka dasa lambar wurin, 100, 200, 300, har ƙarshe, ta yadda duk inda ya yanke kallo ɗaya zai gaya maka. Ka barbaɗa masa ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, ka sa layi ɗaya na ajami, ka sa hoton dariya guda, ka rufe da wata kalma da ka sani. Ka ajiye shi ta shafin da ma'aikata ke amfani da shi, ba ta bayan gida ba. Sannan ka bi shi duk ƙofar da yake fita: allo, da takardar da ake bugawa, da fayil ɗin Excel, da saƙon imel. Ka buɗe shi, ka gyara wani gurbi dabam, ka ajiye, ka sake tambayar rumbu tsawonsa. Duk ranar da aka canza direba ko aka ƙaura zuwa sabuwar kwamfuta, a maimaita.

Ku kuma 'yan'uwa ma'aikatan shigar da bayanai, maza da mata, ku ne idon farko. Idan kuka buɗe fayil kuka ga jimla ta tsaya a tsakiya, don Allah kada ku danna ajiya, kada kuma ku ƙarasa jimlar da abin da kuke zato. Ku rubuta lambar fayil ɗin a takarda, ku rufe shi yadda kuka same shi, ku kira mai kula da kwamfutocinku ku ce masa ya ƙirga haruffan.

Nan muka kawo ƙarshen shirin na yau, sai Allah ya kai mu mako mai zuwa. A huta lafiya.

(Kiɗan rufe shiri)